Ƙwan Tofi

Tun da aka fara kwashe Kufan Maƙera ban samu natsuwa ba. Daga rumfar da muke zaune a bakin gari ina jin gallab suna wucewa, manyan motocin nan masu juye kaya, kowace ta ciko bayanta da baƙin dutse, ta je ta zazzage a kan hanyar garin Suki don kada laka ta riƙe motoci in damina ta sauka. Ƙarar zazzagewar ba irin ta tsakuwa ba ce. Tana da wani amo kamar an kifar da kwandon fasassun kwanoni, duk wanda ya taɓa wasa a kufan nan yana yaro zai gane ta ko idonsa a rufe. Jikokina ba su san abin da ake kwasa ba. Na so in yi musu bayani, sai na ga Hausata ta yi musu nauyi, Larabcina kuma ba shi da kalmomin. Shi ya sa na zauna nake rubutawa, da hannun hagu, wanda da shi na saba. Ina roƙon Allah ya tsare ni daga ƙari. Mafi yawan waɗanda zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, ba na so in ɗauki alhakin wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba, don haka ba zan kama sunan yanka na kowa ba.

Garinmu a lokacin ƙarami ne, tsakanin kogi da gonakin dawa da riɗi. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin ruwan nan, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya su wuce, har yau ana noman shekara ɗayar. Da safe daka ne ke tashe ka, da kukan jakunan masu ɗebo ruwa, in rana ta ɗan ɗaga kuma sai maƙerarmu ta amsa. Mahaifina ne maƙerin garin, shi kaɗai. Ƙarfensa daga Suki yake sayowa, karyayyun ƙarafan ƙarƙashin lori, ya mai da su fartanya da lauje da gatari. Ni aikina zuga. Ina zama a bayan zugazugin fatar akuya, in danna dama in danna hagu, shi kuma idonsa yana kan launin ƙarfe. Ba mai yawan magana ba ne. In wuta ta yi masa daidai sai ya ce, “Haka.” In ta yi sanyi sai ya buga awartaki a ƙasa. Ni kuwa wannan “haka” ɗin nake farauta tun safe har azahar, in na samu biyu a yini ɗaya ko abinci ba na nema. Yanzu yaro yana zaune kusa da ubansa, kowa da wayarsa a hannu, ba wanda yake jiran kalma daga wani. Ban ce hakan ya fi muni ba. Wataƙila ma ya fi sauƙi.

Ranar Sallah bayan la'asar akan hura wuta a filin kasuwa, a sa ƙarfe har ya yi ja, mahaifina ya fito ba riga, ya ɗauke shi da hannu tsirara, ya wurga daga dama zuwa hagu, ya goga a damtse, ya kai shi bakin harshe, mata suna guɗa. Makiyaya har daga nesa suke zuwa kallo. Kowa a garin ya sani, kamar yadda ya san gabas, cewa wuta ba ta cin jinin maƙera. Tsofaffi suna cewa ba koyo ba ne, da shi ake haihuwar mutum. Saboda haka duk wanda ya ƙone gidanmu ake kawo shi, yaron da ya faɗa cikin kunu, ko matar da mai ya fallatsar wa. Baba ya yi tofi, ya wanke wurin da ruwan da yake kashe ƙarfe a ciki, ya shafa man riɗi da garin bagaruwa. Ba ya karɓar kuɗi. Ƙwai ɗaya ake ba shi, ana ce masa ƙwan tofi, kuma dole ne, in ba a bayar ba an ce maganin ba ya kamawa. Mutanen gida ne kawai ba a karɓa a hannunsu. Na tuna ranar da Inna ta ƙone a wuyan hannu tana toya kisira, wainar dawa mai falle-falle. Da ya gama mata tofi sai ta kawo masa ƙwai don tsokana, ta durƙusa har ƙasa kamar baƙuwa. Ya yi dariya har na ga haƙoransa na ciki. Ya ce, “Mayar wa kaza abinta. Ba a karɓa a gida.”

Sai dai ni akwai magana a kaina, tun kafin in san magana. Baba ya taɓa tafiya aikin madatsar ruwa can kudu, yana gyara wa 'yan lebura diga. Da ya dawo ba a cika wata tara ba aka haife ni. Ungozoma ta ce bakwaini ne, ta ce tafin hannunta ya ishe ni kwanciya. Matan bakin kogi kuwa suka ƙirga a yatsunsu suka yi shiru. Sunan Bakwaini ya bi ni, kuma akwai wani ɗan murmushi da ake haɗawa da shi wanda na daɗe ban gane ba. Baba baƙi ne kakkaura, ni siriri ne mai haske kamar Inna. Da na fara ganewa sai na riƙa leƙa randa ina neman fuskarsa a cikin tawa. Wata rana in ga kamar kunnuwana nasa ne, washegari in ga ba su ba ne.

Kufan Maƙera yana gabas da gari, tafiyar hantsi guda, a gindin wani dutse. Ba wanda ya san su wane ne suka zauna a wurin. Wasu tsofaffi suna cewa sun cinye itacen dajin ne kaf da gawayinsu, da ba sauran abin ƙonawa suka tashi. Wasu suna cewa mahara ne suka kwashe su. Abin da suka bari dai tuddai ne baƙaƙe, wasu sun fi ɗaki tsawo, duk kashin ƙarfe, wato ƙurar da ke saura in an narke dutse an cire ƙarfensa. Yana da nauyi da ramuka-ramuka, wani wurin yana ƙyalli kamar kwalba, kuma ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Tsakanin tuddan akwai gindin murahunsu, da'ira-da'ira na jan yumɓu kamar rumbunan da aka sare daga ƙugu. Ko'ina ka taka akwai guntayen bututun yumɓu da suke hura iska da su, da fasassun tukwane, da duwatsun niƙa da suka lotsa a tsakiya. In an yi ruwa akan tsinci duwatsun wuya. Wata kuka ce kaɗai a tsaye. Wurin shiru ne, in ka yi tafiya a kan tudun sai ya riƙa amsa maka a ƙarƙashin ƙafa.

Baba ya taɓa kai ni sau ɗaya, mu biyu kawai. Da muka iso bakin tudun farko sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama da ƙarfi.

Na ce, “Baba, wa kake gaisarwa?”

Ya ce, “Masu sana'a.”

“Hausawa ne?”

“Ban sani ba. Ko suna salla ban sani ba. Amma dubi wanga aiki. Mu tsohon ƙarfe muke lanƙwasawa, su daga dutse suka fid da shi.”

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo kamar ta ranar ba. Ya tsuguna cikin murhu ɗaya ya nuna mini inda ake jera tama, wato dutsen ƙarfe, da gawayi, da ramukan da bututu ke shiga, da inda ƙurar ke malalowa. Sannan ya ɗauki guntun bututu ya juya shi, ga shatin babban yatsan wanda ya gina shi ya bushe a jikin yumɓun. Ya kama yatsana ya sa a cikin shatin. Ya ce, “Hannun maƙeri.” Har yau ban sani ba, hannun mai bututun yake nufi ko nawa. Na juya maganar nan a raina fiye da yadda na juya kowace magana a duniya.

Abin ya faru ne da kaka, ana yankan dawa. Muka kora awaki wajen kufan, mu yaran gari, don a lokacin ba a so dabba ta kusanci gona. Babbanmu wani yaro ne da muke ce wa Dogo, ɗan ƙanen shehin gari, wato mai garinmu. Ya iya majajjawa, ya iya iyo, ya iya sa mutum dariya, kowa yana son zama kusa da shi, har da ni. Muka hura wuta a cikin ɗaya daga cikin tsofaffin murahun muna gasa gyaɗa. Wani yaro yana tonon duwatsun wuya sai ya tono guntun ƙarfe, tsawonsa kamar taƙi, tsatsa ta ci gefensa. Aka yi ta karɓa ana dubawa. Ni da bakina na ce musu Baba ya ce mutanen nan masu sana'armu ne.

Dogo ya ce, “Sana'arku? Kai da wa?”

“Ni da Baba.”

Aka yi dariya. Dogo bai yi ba. Ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki, ya ce, “To halas, shi ke nan, mutumina, abu mai sauƙi. Yau sai a huta da gardama. Ga ƙarfen kakanninka, ga murhunsu. Ko ba ka yarda da kanka ba?”

Ya jefa ƙarfen cikin garwashi, ya miƙo mini bututu mafi tsawo. “Kai ne gwanin zuga. Zo ka hura muna.”

Na durƙusa na hura. Na hura da kyau, yadda Baba yake so, har gefen ƙarfen ya fara yin ja duk da hasken rana. Ina so a fahimci wannan: ban ji tsoron wutar ba. Na ga ubana yana wasa da ita kowace Sallah, na ji manya suna cewa a jini abin yake. Abin da na ji a ƙirjina murna ce, cewa ashe akwai hanyar da za a rufe bakin matan kogi a yini ɗaya, ban taɓa tunaninta ba sai da Dogo ya faɗa.

Wani ƙaramin yaro ya ce, “Dogo, bari mana. In innarshi ta ji fa?”

Dogo ya ce, “In ɗan Maƙeri ne, mi za ta ji?” Ya juyo gare ni. “Amma ban da wurgawa. Wurgawa ta 'yan kallo ce. Riƙewa za ka yi har in kai ƙarshen sura, gajera zan ɗauko maka.”

Na yarda. Ni ma a ganina wurgawar da Baba yake yi ado ne kawai don mata su yi guɗa. Aka turo ƙarfen da sanda zuwa bakin murhu. Na yi bisimilla, na sa hannun dama, na damƙe.

Da farko sanyi na ji. Sai ƙara, irin ta nama a kan garwashi, sai wari. Dogo ya fara karatu a hankali, yana jan kowane harafi kamar yadda malam yake so, bai taɓa karatu mai kyau irin na ranar ba. Ban ji ƙarshen surar ba. Na so in saki, hannun ya ƙi buɗewa. Wani ya buge ƙarfen da sanda, ya faɗi da fatar tafina a jikinsa. Yaran suka watse da gudu. Dogo ya ɗan tsaya, ya dubi hannun, ya dubi fuskata, ya ce, “To, an gani.” Ya kora awakinsa.

Na dawo gida ni kaɗai, hannu a sama kamar mai rantsuwa. Na yi kuka, amma ba zafin ne ya fi damuna ba. Duk tsawon hanya ina gaya wa kaina wataƙila tsatsar ce, wataƙila ƙarfen na arna ne shi ya sa, wataƙila in Baba ya shafa sai fatar ta koma. Na tabbata yana da bayani. Labari kuwa ya riga ni isa. Na tarar da Inna a ƙofar gida ba mayafi, ta sungume ni ta yi maƙera da ni, ko da yake na wuce ɗauka.

Maƙerar cike take da masu jiran a wasa musu lauje, wasu kuma labarin ne ya kawo su. Shehin gari yana zaune a kan buzu a gefen inuwa. Baba ya ajiye masaba. Ya kama wuyan hannuna ya juya shi ga haske, ya daɗe yana dubawa. Sai shehin ya yi magana, da murya mai laushi kamar mai tambayar farashin riɗi.

“Maƙeri, ashe wuta na cin ɗiyan maƙera?”

Baba ya jawo ni. Ya zaunar da ni a kan cinyarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya yi tofi. Ya zuba ruwan ƙarfe a hankali, ya shafa mai da gashin kaza don kada yatsansa ya fama mini. Ina jin bugun zuciyarsa a bayana. Ban taɓa ganin ya yi wa wani magani da tausayi irin haka ba, kuma wannan ne ya fi rikita ni har yau. Da ya gama ya naɗe hannun da tsumma mai tsabta, ya sauke ni. Mutane ba su tashi ba. Suna jira.

Sai ya miƙa hannu wajen Inna, bai dube ta ba. Ya ce, “Na tofi.”

Inna ta ce, “Mi ka ce, Maigida?”

“Na tofi, na ce. Al'ada ce.”

Sai ta juya ta shiga gida. Muna jin kaza tana ƙara da aka ɗaga ta daga kan kwanci. Ta fito da ƙwan, ta durƙusa har ƙasa kamar wancan karon, ta sa masa a tafi. Ta ce, “Ga shi. Allah shi amfana.” Wani a bayan taro ya yi 'yar dariya ta hanci. Shehin ya tashi ya kakkaɓe buzunsa. Baba ya ajiye ƙwan a gefen uwar maƙera, ya ce wa wani yaro ya zo ya kama masa zuga.

Ba a yi faɗa a gidanmu ba. Ya ci gaba da cin tuwonta, yana canja mini tsumma kowace safiya, ba ya ce mini komai. Da ciwon ya bushe yatsun suka ƙanƙance ciki, suka manne da tafi, ba su sake miƙewa ba. Inna ta ɗaure kayanta muka hau lori zuwa wajen yayanta, a wani kambo kusa da Hasahisa, irin unguwannin 'yan ƙwadago da ke bakin magudanar ruwa. Saki ya biyo mu a bakin wani direba. Ita ta shiga tsinkar auduga. Ni da ba na iya riƙe fartanya aka sa ni makaranta, malamin ya yi ta bugun hannuna na hagu har ranar da ya sa na fito da na dama daga cikin riga. Na gama firamare, na samu gadin ƙofa a masaƙa, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Mutane suna cewa na cika damuwa. Gaskiya ne. Ba na iya fita gida sai na koma na duba tukunyar gas, in na kai bakin titi sai in sake komawa. Kowane ɗa da aka haifa mini sai na duba kunnuwansa. Sau ɗaya na tambayi Inna wane ne ubana, tana tsufa, ina jin kunya kamar in nutse. Ba ta rantse ba, ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Allah ya sani. Shi ma ya sani.” Baba take nufi, amma na ɗauka maganar ɓacin rai ce. Baba ya sake aure ya haifi maza, ya rasu, sai bayan an share makoki na ji.

Fitinar yaƙin shekarun nan ce ta kore mu daga Hasahisa, da ni da 'yata da 'ya'yanta. Ban san wani gari ba sai wannan, don haka nan muka nufa. Babban ɗan Baba na wajen matar baya shi ke riƙe da gidan da gonar. A da yana aikin walda a Suki, da wutar lantarki ta ɗauke sai ya dawo ya tayar da tsohuwar maƙerar da gawayi, har tofin yana yi. Ya karɓe mu da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ya aiko da dawa, ya sa aka kafa mana rumfar nan a bakin gari. Sai dai bai taɓa ce mini Yaya ba. “Ya Haj” yake ce mini, kamar yadda ake ce wa kowane tsoho a mota. Dogo ma yana nan, ya ranƙwafa, sahun gaba yake salla. Da ya gan ni ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya ce, “Bakwaini! Kana nan da rai?” Ya kama hannuna na hagu ya girgiza ba tare da ya yi tunani ba, kamar dama can da shi ake gaisawa da ni.

Wata rana na zauna a maƙerar, mu biyu kawai da ɗan Baba, ina kallon aikinsa. Tartsatsi ya faɗa masa a damtse, ya yi tsalle yana tsaki. Sai na lura hannuwansa duk tabo ne, tsoho da sabo. Na daɗe ina tauna tambayar kafin in yi ta.

Na ce, “Ashe kai ma tana cin ka?”

Ya yi dariya. “Wuta? Ya Haj, wuta na cin kowa. Dubi nan, dubi nan.”

“Wasan Sallah fa?”

“Akwai abin da ake shafawa, sauran kuma saurin hannu ne. Tsoho ya koya muna da muka isa ɗaga masaba. Shi kanshi cinyarshi duk tabo ce, tun yana koyo. Ai ba a riƙewa. Ko kaɗan ba a riƙewa, sai mahaukaci.”

Idonsa ya sauka a kan hannuna. Ya ce, “Malesh, yi haƙuri.”

Na ce, “Ya taɓa ambatona?”

Ya juya ƙarfensa a wuta. “Tsoho ba mai magana ba ne. Ka san shi.”

Na koma rumfa na kasa cin abinci. Ashe a ranar da yake juya hannuna ga haske ya san ƙunar nan ba ta nuna komai ba. Ya san ko ɗan limami ne ko ɗan maƙeri, haka za ta ci shi. Kalma ɗaya ce tsakanina da sunana, kuma tana bakinsa. Amma in ya faɗe ta a gaban shehin, wasan Sallah ya mutu, tofi ya mutu, abin da ubansa ya ɗauko tun daga yamma ya zama abin dariya a kasuwa. Ya auna, ya zaɓa, ina zaune a kan cinyarsa. Na yi ta nema masa uzuri. Na ce mutum ne shi kaɗai a cikin taro, na ce wataƙila shi ma yana da shakka tun da, na ce wataƙila ya yi niyyar gyarawa daga baya sai Inna ta tafi. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ina tsoron kada Allah ya ga abin da ke ƙarƙashin addu'ar.

A makon da gallab suka fara kwasar kufan, ƙaramar jikata ta taka garwashin da aka zubar bayan dafa gahawa. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma tafin ƙafa ne, tana ta ihu. Ɗakin shan magani na garin a rufe yake, matan maƙwabta suka ce a kai ta wajen Maƙeri. Na saɓa ta a kafaɗa. A hanya na tsaya gidan wata tsohuwa na roƙi ƙwai ɗaya na sa a aljihu, don ni mutum ne mai tsoron a same ni ba shiri. Ina tafe ina roƙon Allah ya sa in dawo mata da abinta.

Maƙerar cike take, damina ta kusa, kowa yana jiran fartanya. Ɗan Baba ya ajiye masaba ya karɓi yarinyar ya ɗora a cinyarsa. Ya yi tofi, ya zuba ruwan ƙarfe, ya shafa mai da gashin kaza, yana yi mata wasa da Larabci har ta daina kuka. Hannunsa irin na Baba ne, har yadda yake naɗe tsumma. Da ya gama sai ya sauke ta. Akwai tsofaffi a cikin masu jiran, sun san labarin, na ga suna kallon ƙasa suna saurare. Na san abin da ɗan Baba yake aunawa. In ya ce ba a karɓa a gida, a gaban shaidu, to ina da rabo a gidan da gonar. Da ya tambaye ni da na rantse masa ba na son ko taƙi ɗaya. Kalmar kawai nake so. Ya dubi mutane, ya dube ni, ya goge tafinsa a riga.

Ya miƙo hannu. “Na tofi, ya Haj. Al'ada ce.”

Duk rayuwata da hagu nake miƙa wa mutane abu, ina ba da haƙuri. Ranar na sa ƙwan a hannun dama. Yadda yatsun suka ƙanƙance ba sa riƙe cokali, ba sa riƙe alƙalami, amma ƙwai ya zauna a ciki daidai kamar don shi aka yi wurin. Na miƙa masa. Sai da ya sa yatsunsa cikin tabon kafin ya iya ciro shi.

Muna komawa wata gallab ta wuce mu da ƙurarta, guntayen bututu suna zubowa daga bayanta. Yarinyar tana kafaɗata, ta tambaye ni da Larabci, “Jiddo, don me ka ba shi ƙwai?”

Na ce mata haka ake yi in an zo garin mutane.